Yadda Sunayen Manoma Suka Fita Daga Gidana

Akwai maganar da wasunku suka ji a gutsure, daga bakin mutanen da ba sa nan lokacin da abin ya faru. Ƙanananku suna makarantar kwana, babbanku Auwal yana Kaduna wurin aiki, mu uku ne kawai a gidan: ni, da mahaifiyarku Hajiya Ladi, da 'yar'uwarku Zulai. Na ga gara in rubuta ta da hannuna tun ina iya riƙe biro, domin har yanzu akan sami wadda za ta sunkuya a wurin biki ko gaisuwar mutuwa ta ce wa ta kusa da ita, ai wannan ce 'yar da ta yi abin nan na kwamfuta. Ba ita ta yi ba. Ga yadda aka yi.

Shekarar da na ajiye aikin malamin gona ce. Na ƙarar da ƙuruciyata a kan babur tsakanin Funtua da Bakori da ƙauyukan Maska, ina nuna wa mutane tazarar shuka da lokacin zuba taki, rana ɗaya aka ce mini an gode, in je in huta. Hutun bai karɓe ni ba. Sai in yi sallar asuba, in karya, in sa hula, sannan in tuna ba ni da wurin zuwa. Saboda haka da Alhaji Mamman, shugaban ƙungiyar manoman masara ta yankinmu, ya nemi in zama sakatarensu, ban bari ya rufe baki ba na amsa. A sallar layya ta wannan shekara Auwal ya kawo mini kwamfuta irin ta ninkewa, da ɗan akwatin da ke jawo mata intanet. Na ajiye ta a ɗakina na kusa da zaure, a kan teburin da nake duba takardu, na kuma ƙudura cewa zan yi wa ƙungiyar rajistar da ba a taɓa yin irinta ba a yankin.

Na kuwa yi. Na bi 'yan ƙungiya gida gida, ƙauye ƙauye. Na rubuta sunan mutum da garinsu da lambar wayarsa, na ɗauki hotonsa. Na rubuta inda gonarsa take da girmanta, da inda yake ajiye amfani bayan girbi, har da sunan magajinsa. Ku tuna wane lokaci ne wannan. Lokaci ne da aka daina kwana a gona, lokacin da mutum ba ya faɗa wa ko abokinsa abin da ya samu a kaka, saboda 'yan bindiga da masu kai musu labari. Amma ni suka faɗa mini. Wasunsu na san su tun suna bin iyayensu gona. Wani zai yi jim, ya dube ni, ya ce, tunda kai ne Malam, rubuta.

Zulai ta gama karatunta na kwamfuta tana zaune gida tana jiran aiki. Ita ta koya mini komai: yadda ake kunnawa, yadda ake ajiye rubutu, yadda ake buɗe imel. Ita ta sa wa kwamfutar wata manhajar tsaro, ta ce in ɗauke ta kamar mai gadin ƙofa, duk abin da zai shigo sai ya bincika shi. Da yamma takan ari kwamfutar ta cika takardun neman aiki. Ranar da ta ga rajistar ta kammala, maimakon ta yaba, sai ta ɓata fuska.

"Baba, wannan bai kamata ya zauna a kwamfutar da ke hawa intanet ba. A kwafe shi a ajiye daban, a goge na nan."

"Wa zai damu da sunayen manoma?" na ce.

"Wanda ya san abin da zai yi da su."

"To na ji. Sai na gama gyare-gyare."

Ban gama gyaran ba, domin ban yi niyyar gamawa ba. Ina jin daɗin in buɗe rajistar in nuna wa baƙo. Kuma in faɗa muku gaskiya, akwai abin da ke sukata duk lokacin da Zulai ta gyara mini kuskure. Ni da na saba in tsaya gaban dattawa ina koya musu, ga ni zaune 'yar cikina tana cewa ba nan ba Baba, can za ka danna.

Cikin bazara, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, kowa hankalinsa na kan taki, Zulai ta tafi Malumfashi duba goggonta da ba ta da lafiya. Ranar Talata da hantsi na buɗe imel na tarar da saƙo. Wai wata ƙungiya ce ta masu taimakon manoma za ta raba ingantaccen iri da taki ga ƙungiyoyi masu rajista, an zaɓi tamu, a cika fom kafin Juma'a. Takardar tana da tambari da sa hannu, irin waɗanda na saba gani a ofis. Na danna fom ɗin. Nan take mai gadin nan na Zulai ya fito da jan rubutu, ya hana shi buɗewa. Na sake dannawa, ya sake hanawa. A ƙasan saƙon akwai lambar waya, wai ga duk wanda ya sami matsala. Na ɗauki wayata. Lambar Zulai na fara nemowa, na dube ta, na wuce. Na kira tasu.

Wanda ya ɗauka ya yi mini sallama cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ko ruwa ya sauka a wajenmu. Hausarsa tsaf, muryarsa a kwance, irin ta mutumin da ya daɗe a ofis. Ya ce sunansa Injiniya Bashir. Na san yanzu ba sunansa ba ne.

"Ai Alhaji ba kai kaɗai ba ne," in ji shi. "Tun safe sakatarori ke kira a kan wannan. Waɗannan manhajojin tsaron ba su san takardun hukuma ba, komai suka gani sai su yi ihu. Kashe shi za ka yi na ɗan lokaci. Bari in nuna maka."

Ya bi da ni a hankali, danna nan, danna can, har jan rubutun ya ɓace. Sannan ya ce fom ɗin yana da wuyar cikawa, ga lokaci ya ƙure, amma akwai wata 'yar manhaja da in na saukar zai iya taya ni daga inda yake. Na saukar. Ya ce in karanto masa lambobin da suka fito, na karanto. Ana cikin haka Hajiya ta shigo da kunu, ta ajiye a gefen tebur, ta ɗan tsaya. Sai ga kibiyar nan da ake motsawa da yatsa tana tafiya da kanta a fuskar kwamfutar, hannuwana kuwa suna kan cinyata.

"Malam, abin nan shi kaɗai yake motsi?" ta ce.

"Injiniya ne yake aiki daga can," na ce mata, har da 'yar dariya, na yi mata alama da hannu ta ba ni wuri.

Ya ce kada in taɓa komai, in bar ta a kunne har azahar. Na bar ta. Na sha kununa ina lissafin yadda zan shiga taron ƙungiya in sanar da su an samo taki, da yadda Zulai za ta ji cewa na yi abu ni kaɗai ba tare da ita ba. Da ta dawo ban faɗa mata ba. Na ce sai motar taki ta iso.

Motar ba ta iso ba. Wanda ya iso shi ne Malam Idi, bayan kwana goma, da sanyin safiya, a kan babur daga ƙauyensu na bayan Maska. Malam Idi manomi ne na gaske, mai tsantseni, kuma yana cikin waɗanda suka fi jinkiri kafin su yarda in rubuta su. Ya ƙi shiga zaure. Ya tsaya riƙe da kan babur.

"Malam, jiya an kira ni. Lambar da ban sani ba."

"Wa ke nan?"

"Bai faɗa ba. Ya kira sunana da na mahaifina. Ya ce ya san gonata ta bakin rafi, ya san ɗakin da nake zuba masara a gidan ƙanena. Ya kira sunan Sadisu." Sadisu shi ne babban ɗansa. "Ya ce in ina son in yi noma lafiya bana, in shirya abin da za su faɗa mini. Malam, maganar ɗakin nan na gidan ƙanena ko matata ba ta sani ba. Kai kaɗai na faɗa wa."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, zan bincika. Yana juya babur na shiga ɗaki na kira lambar Injiniya. A kashe. Na sake kira har sau nawa ban sani ba. A kashe. Tun a wannan lokacin na san abin da ya faru. Ina so ku riƙe wannan, domin duk abin da na yi bayan haka da sanina na yi shi.

Kafin la'asar wayata ta ƙi yin shiru. Daga Bakori, daga Maska, daga cikin gari. Magana ɗaya ce: an kira, an faɗi gona, an faɗi rumbu, an faɗi sunan ɗa. Washegari Alhaji Mamman ya tara mu a zaurensa. Zauren ya cika har waje, ba mai dariya, ba mai tambayar gajiya. Alhaji Mamman mutum ne mai haƙuri, ya yi ƙoƙarin a bi abin a hankali, amma mutane a tsorace suke. Wani daga baya ya ɗaga murya.

"Sakatare, wannan rajista a ina take?"

"A kwamfutata, a gida."

"Ka ba wani?"

"Ban ba kowa ba."

"To wa ke taɓa kwamfutar ban da kai?"

Na dubi fuskokin nan. Mutanen da suka shekara suna ce mini Malam suna miƙo mini hannu biyu. Na ga yadda za su dube ni in na ce wani baƙo ya yi mini daɗin baki a waya na buɗe masa komai kamar yaro. Sai bakina ya ce:

"Sai dai 'yata. Ita ta san kanta."

Ba ƙarya na yi ba, haka na riƙa faɗa wa kaina a hanyar gida. An tambaye ni wa ke taɓawa, na faɗa. Amma na ji yadda zauren ya yi tsit bayan maganar, na ga yadda mutum biyu suka dubi juna, ban kuma ƙara komai ba.

Magana ba ta kwana ba ta zagaye unguwa. Zuwa washegari ta canja kama: wai 'yar sakatare ta sayar da sunayen manoma, wai tana da saurayi a daji, wai zuwanta Malumfashi ba duba goggo ba ne. Aka fara kiran kalmar nan da kowa ke tsoro, infoma. Ku da kuka taso a nan kun san abin da wannan kalma take jawowa. Ba a jiran kotu a kanta. Mutanen da aka sace wa 'ya'ya, aka kashe wa 'yan'uwa, ba su da sauran haƙurin bincike, ni kuma ban isa in ga laifinsu ba. Zulai ta je shagon bakin layi sayen sabulu, mai shagon da ya san ta tun tana goye ya ƙi amsa gaisuwarta. Da hantsi wasu mutum biyu a kan babur suka wuce ƙofar gidanmu a hankali, suka kai ƙarshen layi, suka juyo suka sake wucewa. Hajiya ta sa sakata da rana tsaka, abin da ba mu taɓa yi ba.

Zulai ba ta yi kuka ba. Ta shigo ɗakina ta ce in ba ta kwamfutar. Abu na farko da ta yi, ta zare wayar akwatin intanet daga bango. Sannan ta zauna tana dubawa, ni ina tsaye a bayanta. Ba ta daɗe ba ta tsaya.

"An kashe mai gadi," ta ce. "Kuma ga wata manhaja da ba ni na sa ba. Irin wadda ake shiga kwamfutar mutum da ita daga nesa ce. Duk abin da ke ciki sun kwashe, kuma duk lokacin da aka kunna ta suna gani."

Ta matsa kusa, ta karanta ranar da aka saukar da ita. Ba ta juyo ba ta yi tambayar.

"Baba, ranar Talatar da nake Malumfashi, wani ya shigo ɗakin nan?"

"Mutane suna shigowa," na ce. "Sai na tuna."

Ta rufe kwamfutar a hankali, ta tashi ta fita. Da ta yi mini rashin kunya a ranar da ya fi mini sauƙi.

Bayan azahar mai unguwa ya aiko. Wai shi da wasu dattawa da shugaban 'yan sa-kai na yankin za su zo gobe da safe, suna so su yi wa yarinyar 'yan tambayoyi, kuma zai fi kyau kada ta je ko'ina kafin nan. Na karɓi saƙon a zaure, na dawo na zauna a bakin gado. Ina nan zaune Hajiya ta shigo ta turo ƙofa. Shekarunmu da ita ba ta taɓa tsayawa a kaina tana magana ba, kullum sai ta zauna. Ranar ba ta zauna ba.

"Malam, na ji saƙon mai unguwa."

"Tambayoyi ne kawai. Zan tsaya a wurin."

"Ni na kawo maka kunu ranar."

Na ɗago na dube ta.

"Ni ban yi boko ba, ban san kwamfuta ba. Amma na ga abin nan yana tafiya shi kaɗai, na tambaye ka, ka ce Injiniya ne. Kwana biyu ke nan ina jira ka faɗa da bakinka. Zulai ma ta sani, ta ƙi faɗa ne don kai mahaifinta ne. Tana can ɗaki ta haɗa kai da gwiwa, ta gwammace a kira ta da wannan suna da ta tona ka."

"Hajiya, in na faɗa, da wane ido zan dubi mutanen nan?"

"Da wane ido za ka dube ta in suka tafi da ita?"

Na sunkuyar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Gobe in sun zo, ni zan fita zaure in faɗa musu abin da na gani. Ban taɓa saɓa maka ba, Malam, amma gobe zan saɓa. Na faɗa maka ne don kada ka ce na yi maka ba zata."

Ta buɗe ƙofa ta fita. Na zauna ina jin tana hura wuta a tsakar gida, ina jin ƙarar murfin tukunya, kamar ba abin da ya faru. Ina so in ce muku tsoron Allah ne ya tashe ni daga bakin gadon nan. Akwai shi, amma ba shi kaɗai ba. Na hango matata tsaye a zaure gaban maza tana faɗin abin da ni na kasa faɗa, na ga cewa in na bari aka kai nan, ba ni da sauran abin da zan kira kaina da shi a gidan. Na kira Alhaji Mamman na ce ya tara mutane bayan la'asar, a kira mai unguwa da shugaban 'yan sa-kai, ina da magana, ba za ta kai gobe ba.

Zan fita Zulai ta fito da mayafinta, rungume da kwamfutar.

"Ki zauna gida," na ce.

"In ka faɗa da baki kawai, cewa za su yi rufa mini asiri kake yi. Sai sun gani."

Gaskiyarta ce. Na goya ta a babur. Tsakanin gidanmu da na Alhaji Mamman ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Duk majalisar da muka wuce sai hira ta tsaya.

Zauren ya fi na farko cika. Malam Idi yana zaune daga gaba. Da suka ga Zulai sai guna-guni ya tashi, wani ya ce me ya kawo ta, mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Na miƙe tsaye. Na faɗi komai yadda ya faru: saƙon taki, jan rubutun da ya gargaɗe ni har sau biyu, wayar da na kira, mai gadin da na kashe da hannuna, lambobin da na karanta wa mutumin da ban taɓa gani ba. Na ce yarinyar nan tana Malumfashi a ranar, kuma tun kafin haka ta ce in cire rajistar daga kwamfutar na ƙi. Na ce jiya da kuka tambaye ni na san duk wannan, na ambaci sunanta don in tsira da mutuncina.

Shugaban 'yan sa-kai, wani dogo mai furfura a gemu, ya ce a nuna masa. Zulai ta durƙusa ta buɗe kwamfutar a kan tabarma, ta nuna masa saƙon, ta nuna masa manhajar da ranar da aka sa ta. Na miƙa wayata ya ga lambar da ranar da na kira da tsawon maganar. Ya sa aka kira goggonku a Malumfashi a gaban kowa, ya tambaye ta ranar da Zulai ta zo da ranar da ta tafi. Sannan ya miƙo mini wayar.

"Yarinya ba ta da laifi," ya ce da ƙarfi, yadda na waje za su ji. "Duk wanda na ji ya sake kiran sunanta a wannan magana, ni da shi ne." Ya juyo gare ni, ya rage murya. "Kai kuwa Malam, ka san abin da ka kusa jawowa?"

Na ce na sani.

Malam Idi ya tashi ya karkaɗe rigarsa.

"Da ka ce an yaudare ka tun ranar da na zo, da na ce ƙaddara ce, kowa ana iya yaudararsa. Amma ka dube ni ka ce za ka bincika." Ya sa takalmansa ya fita.

Zulai ce ta hana taron watsewa haka nan. Ta nemi izinin mai unguwa ta yi magana. Ta ce abin da ya fita ya fita, ba mai iya dawo da shi, amma a sanar da kowane ɗan ƙungiya yau ɗin nan yadda aka yi, domin mai kiran yana cin nasara ne in mutum ya zaci maƙwabcinsa ne ya sayar da shi. Ta ce kada wanda ya tura komai, kada wanda ya je inda aka ce ya je, a rubuta duk lambar da ta kira a kai wa 'yan sanda. Wanda zai iya canja layi ya canja, wanda zai iya sauya wurin ajiya ya sauya. Kuma duk saƙon da ya zo da sunana daga yau, a ɗauka ba ni ba ne. Dattawan da suka zo yi mata tambayoyi suka zauna suna gyaɗa kai.

Na ajiye sakatarcin a wurin. Washegari muka kai rahoto. Jami'in da ya saurare mu ya ce ga alama 'yan damfara ne da ke zaune wani gari mai nisa suna cin kasuwar tsoro, ba mutanen daji ba, amma bai iya rantsewa ba su sayar wa wasu da sunayen ba. Ba a kama kowa ba. Kiran ya ci gaba har tsakiyar damina sannan ya ɗauke. Ba a taɓa kowa ba, alhamdu lillahi, amma wasu sun riga sun tura abin da aka nema kafin sanarwa ta kai gare su. Malam Idi bai shuka gonarsa ta bakin rafi ba a shekarar, ya kuma tura Sadisu wurin dangi a Zariya. Na je ƙauyensu sau biyu neman gafara. Na farko aka ce ba ya nan, alhali ga babur ɗinsa a ƙofa. Na biyu ya fito, ya ce ya yafe don Allah, amma bai ce in shigo ba. Har ya rasu gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Kwamfutar kuwa Zulai ta ce ba abin da za a amince da shi a cikinta, sai an share ta tas an sake zuba komai. A ciki akwai rubutun da na fara tattarawa na abin da na koya a aikin gona, wanda na so in bar muku. Ta ce za ta iya ƙoƙarin cire shi a tace. Na ce ta share duka. Ta yi aikinta ba ta ce mini uffan ba, bayan sati biyu ta ce za ta koma Kaduna wurin Auwal ta nemi aiki a can. Ban hana ta ba. Ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ya kamata, ba ta rage komai na ladabi ba, amma ba ta dubi fuskata ba. Wata da watanni in ta kira, mahaifiyarta take kira, a ƙarshe ta ce a gaida Baba.

Sai bayan kaka ta zo gida, ta sami aiki a lokacin. Kwamfutar tana cikin jakarta a saman kabad tun ranar da ta tafi, ban ƙara taɓa ta ba. Da safe ina zaune a ɗaki ta yi sallama ta shigo, ta miƙa hannu ta sauko da jakar, ta goge ta da gefen mayafinta.

"Inna ta ce ka daina rubutun."

"Na daina. Ni da abin nan mun rabu."

"Ba laifinta ba ne, Baba."

"Na sani. Zulai, ban taɓa ce miki ki yafe mini ba. A zaure na faɗa wa mutane, ke ban faɗa miki ba."

Ta ajiye jakar a kan tebur.

"Ranar da na tambaye ka wa ya shigo ɗakin nan," ta ce, "da ka ce ni ne, da ba wanda zai ji daga bakina. Da mun san yadda muka yi. Wannan ce ta fi yi mini ciwo, ba maganar mutane ba."

Na ce haka ne.

Ta jawo kujera kusa da tawa, ta buɗe kwamfutar ta kunna. Ta sabunta abin da ke buƙatar sabuntawa, ta nuna mini yadda zan gane saƙon ƙarya, ta sa na maimaita mata har sau uku cewa duk wanda ya ce in kashe tsaro ko in karanto masa lamba, in kashe wayar in kira ta, ko tana wurin aiki. Sannan ta ce saura kalmar sirri, wadda ba a shiga kwamfutar sai da ita, in zaɓi mai tsawo wadda ba sunan kowa ba a gidan nan. Ta turo mini kwamfutar gabana.

Na ce ta tsaya ta gani mana, ko zan manta.

"A'a," ta ce, ta juya fuskarta wajen taga. "Ko ni kada ka faɗa wa. Rubuta, Baba, ina jira."

Na sa yatsa ɗaya na fara neman haruffan.